Mai Magani a Fagen Harbi: Tarihin Wanda Ke Gudu a Baya

A wasannin harbi na farko babu wani mai magani. Magani akwati ne kawai da ke ajiye a ƙasa. Wanda ya taɓa buga Doom, wasan da kamfanin id Software na Amurka ya fitar a watan Disamba na 1993, ya san shi: farin akwati mai jan gicciye a kai, in ka taka shi jininka ya ƙaru da 25, ƙaraminsa kuma ya ba ka 10. Ba ka gode wa kowa, ba ka kuma zagin kowa. In mutum biyu na fafatawa, wanda ya haddace inda akwatunan suke shi ke da riba. Haka abin yake a Quake na 1996.

Yau kuwa, a wasa irin Overwatch, mutum biyu cikin biyar na kowace ekip aikinsu ke nan, kula da jinin sauran. Tsakanin wancan akwati da waɗannan mutum biyu akwai shekaru wajen talatin, kuma duk tsawonsu masu ƙera wasanni suna kokawa ne da tambaya guda: ta yaya za ka ba mutum bindiga, ka jefa shi cikin wasan da kisa ake ƙirgawa, sannan ka ce ya bar harbi ya bi bayan wani yana yi masa magani? Sun ba da amsoshi iri-iri, kuma kusan kowace amsa sai ta haifi wata sabuwar matsala.

Shi wannan aiki ba a fagen harbi aka haife shi ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƴan ƙwayoyi masu lamba. Matsayi uku ne a bugun farko: mayaƙi, mai sihiri, da malamin addini wanda ke warkar da raunuka. Daga nan abin ya shiga wasannin rubutu na intanet, ya shiga EverQuest a 1999 da World of Warcraft a 2004, inda rabon aiki ya zauna daram: ɗaya ya tare duka, ɗaya ya yi duka, ɗaya ya warkar. To amma a can dodanni ake yaƙa, kwamfuta ce ke juya su, kuma ana iya yaudararsu su yi ta bugun mai sulke su ƙyale mai magani. A wasan harbi abokin gabarka mutum ne, yana da ido, yana da wayo. Ba zai ɓata harsashi a kan mai sulke ba alhali yana hangen wanda ke ɗura masa jini.

Waɗanda suka fara kawo likita cikin wasan harbi har abin ya karɓu wasu samari ne uku ƴan Ostareliya, Robin Walker da John Cook da Ian Caughley. A 1996 suka yi wa Quake kwaskwarima suka kira ta Team Fortress, inda kowa ke zaɓen sana'arsa kafin a shiga fili, sana'o'in kuma a ƙarshe suka kai tara. Kamfanin Valve ya ɗauki Walker da Cook aiki, aka sake fito da wasan a 1999 da sunan Team Fortress Classic. Likitan wancan zamani abin dariya ne in ka dube shi da idon yau. Yana da jakar magani, gaskiya ne, amma in ya taɓa abokin gaba da ita cuta yake sa masa, cutar ta riƙa cin jininsa, ya kuma shafa wa ƴan uwansa in ya matso kusa da su. Yana da gudu, yana da manyan bindigogi, yana kuma da wani gurneti da in ya tashi kusa da kai sai ya wurga ka sama. Ƙwararru suka koyi jefa gurnetin a ƙarƙashin ƙafarsu don su tsallake rabin fili, su sace tutar abokan gaba su dawo. Ke nan likita ya zama ɗan gaba, ɓarawon tuta. Mai rauni kuwa sai ya je ya nemi akwati a ƙasa kamar da.

An sake gwadawa a Return to Castle Wolfenstein na 2001, da kuma Wolfenstein: Enemy Territory na 2003, wanda kamfanin Splash Damage na Ingila ya yi, aka kuma raba shi kyauta. Nan aka kawo abin da har gobe muke amfani da shi, wato tayar da wanda ya faɗi. Soja in an harbe shi sai ya kwanta yana kiran agaji, likita ya zo ya caka masa allura ya miƙe. Don likitan ya iya kai wa ga masu rauni, sai aka ba shi jini fiye da na kowa, jinin kuma yana komawa da kansa, ga fakitin magani da zai iya jefarwa ya ɗauki abinsa. Kun ga inda za a je. Mutane da yawa suka riƙa zaɓen likita don su yi kisa ba tare da sun mutu ba, suna tsallake ƴan uwansu da ke kwance. Har suna aka yi musu, ana kiransu likitocin Rambo.

Battlefield 2 na kamfanin DICE na Suwidin, a 2005, ya ɗan fi wayo. Kowane ɓangare yana da adadin rayuka da ke raguwa duk sanda soja ya mutu, wanda nasa ya fara ƙarewa ya sha kashi. Likita na ɗauke da na'urar nan ta girgiza zuciya da lantarki, in ya tayar da wanda ya faɗi to ran nan ya dawo cikin asusun ekip, shi ma ya samu maki. Aƙalla an fara biyan ladan aikin. Sai dai a wannan shekara ce Call of Duty 2 ya bi wata hanya dabam: ya kwashe akwatunan magani gaba ɗaya, ya ce in an ji maka rauni ka laɓe bayan bango na ƴan sakan, jininka zai dawo da kansa. Wasanni da yawa suka kwaikwayi wannan. In kowa likitan kansa ne, me za a yi da likita? Saura ƙiris sana'ar ta mutu tun ba ta girma ba.

Abin da ya cece ta Team Fortress 2 ne, wanda Valve ta fitar a watan Oktoba na 2007 bayan ta shafe kusan shekara tara tana rushewa tana sake gini. A nan ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, don kusan duk mai maganin da ya zo daga baya jikan wannan likita ne.

Da farko sun rage masa ƙarfin faɗa. Bindigarsa allurai take harbawa, ba ta kai ta soja ba, sai zarton ƙashi na kare kai. Sannan suka ba shi wata na'ura mai fitar da igiyar haske. Ka nuna ta ga ɗan uwanka ka danna, igiyar ta kama shi, ta kuma ci gaba da riƙe shi ko ya yi tsalle ko ya kauce, muddin ba ku yi nisa da juna ba kuma bango bai raba ku ba. Ba a bukatar saiti. Tana ba da jini 24 a kowane sakan, amma in mutumin ya ɗan jima ba a taɓa shi ba, gudun yana ƙaruwa har ya kai 72. Wannan ƙaramar doka kaɗai ta koya wa ƴan wasa ladabi: wanda ya ja da baya ya huta ana warkar da shi nan da nan, wanda ya tsaya cikin wuta yana ihu a hankali zai warke. Kuma igiyar na iya ƙara wa lafiyayye jini har ya kai ɗaya da rabi na abin da ya saba ɗauka, saboda haka likita ba ya rasa aiki ko babu mai rauni. In wanda kake riƙe da shi ya yi kisa, ana rubuta maka taimako.

Babban abin shi ne wani ma'auni da ke cika a hankali muddin likita na aiki. In komai ya tafi daidai, sakan 40 yake ɗauka. Da ya cika, likita na iya danna shi, shi da wanda yake riƙe su zama ba abin da ke taɓa su har tsawon sakan 8. Sunansa ÜberCharge, da Jamusanci-Jamusanci, don likitan a labarin wasan mutumin Stuttgart ne. Sakan takwas ba wani abu ba ne a baki, amma sun isa a fasa bindigar da injiniya ya kafa a ƙofa, wadda ta hana kowa wucewa tun ɗazu. Sharaɗin guda ne: in likita ya mutu, ma'aunin ya koma sifiri.

Ku dubi abin da wannan ya yi wa wasan. A gasar mutum shida-shida, inda likita ɗaya tak aka yarda wa kowace ekip, lissafin duka ya koma kansa. Ana ƙirga lokacin da likitan abokan gaba ya mutu ko ya yi amfani da nasa ƙarfin, don a san ko mu ke gaba ko su. In namu ya cika nasu bai cika ba, a afka. In nasu ne gaba, a ja da baya, ko a tura soja guda ya yi tsalle ya faɗa kan likitansu, ko da shi ba zai dawo ba, don ran soja ɗaya bai kai wancan ma'auni daraja ba. Mafi munin abin kunya ga likita shi ne ya mutu da ma'auni a cike bai danna ba. Mutumin da ba ya harbi ya zama shi ke riƙe da agogon ekip, shi ke cewa yanzu ko ba yanzu ba. Kuma tunda hannunsa ba ya fama da saiti, idonsa ya samu sararin kallon fili duka, shi ya sa sau da yawa bakinsa ake saurare. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau da aka taɓa yi a tarihin wannan aiki. Ba su roƙi kowa ya zama mutumin kirki ba. Sun ɗauki iko ne suka ajiye shi a inda sai mai kula da wasu zai same shi.

Farashin kuwa shi ne likita ya zama abin farauta na farko. A nan akwai wani abin mamaki in aka kwatanta da yaƙin gaske. Bayan Henry Dunant ya ga dubban masu rauni yashe a filin Solferino na Italiya a 1859, aka kafa ƙungiyar Kurwa Ruj, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar Janeba ta farko a 1864. Jan gicciye a kan fari ma'anarsa kada a harbi wannan. Dokokin 1949 sun yarda ma'aikacin lafiya na soja ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatansa, amma in ya shiga kai hari kariyar ta faɗi. Wato likitan Rambo ba shi da wuri a doka, kuma wanda ya auna likita da gangan ya yi laifin yaƙi. A wasa kuwa darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne, fara da likitansu. Ita ma alamar kanta doka ce ke tsare ta, ba kowa ke da izinin lika ta ba, kuma ƙungiyoyin Kurwa Ruj sun sha jan kunnen kamfanonin wasa. Da aka sake fitar da Doom a 2012 sai aka ga ƙwayar magani a kan akwatin nan maimakon jan gicciye. Shi ya sa a wasanni da yawa na yau alamar magani koriya ce ko wata kala.

Sai Overwatch, na kamfanin Blizzard, a watan Mayu na 2016. Jarumai 21 aka fara da su. Goma sha biyu maharba ne, biyar masu garkuwa, huɗu kacal ƴan tallafi, cikinsu ma uku ne ke warkarwa da gaske. Tun daga wannan rabo ka san inda hankalin kamfani yake. Wadda ta gaji likitan Team Fortress 2 ita ce Mercy, likita ƴar Suwis mai fukafukai, da sandarta mai igiyar haske. Babban ƙarfinta shi ne tayar da matattu, ba ɗaya ba, duk wanda ya faɗi kusa da ita, har mutum biyar a bugu ɗaya. Abin ya yi kyau a ido. Ekip ta gama murna ta share fili, sai ga mutum biyar sun miƙe.

To amma ku yi lissafin da mai riƙe da Mercy zai yi. In ƙarfin ya cika, ribarsa ta fi yawa in mutane da yawa suka mutu tare. Saboda haka da faɗa ya yi zafi sai ta daina warkarwa, ta je ta ɓuya a lungu, ta jira ƴan uwanta su zube, sannan ta fito. Wasu har cewa suke a taru a mutu wuri ɗaya. Mai magani ta wayi gari tana fatan mutuwar majinyatanta, ba don mugunta ba, don dokar wasan ce ta ce haka ya fi riba. Shugaban masu ƙera wasan a lokacin, Jeff Kaplan, ya fito ya bayyana cewa wannan ɓuya na cikin dalilan da za su sauya ta. A watan Satumba na 2017 aka mayar da tayarwar ta mutum ɗaya, ana yinta duk bayan sakan 30. Gyaran ya wuce gona da iri, ta yi ƙarfin da kusan babu ekip ɗin da ke iya wasa ba tare da ita ba, aka yi watanni ana rage mata har farkon 2018.

Kafin nan Blizzard ta gwada wata hanya. A watan Yuli na 2016 ta kawo Ana, tsohuwar sojar Masar mai shekara 60 da ido ɗaya, wadda bindigarta ta hangen nesa ke warkar da ɗan uwa ta kuma raunata abokin gaba. In ka kuskure, babu magani. Tana da kibiyar sa barci, da gurnetin da ke hana abokan gaba karɓar magani na ɗan lokaci. Nan take aka samu aji biyu cikin masu magani: waɗanda ake cewa suna da hannu, da waɗanda ake cewa igiya kawai suke riƙewa. Da aka yi kakar farko ta Overwatch League a 2018, wanda aka zaɓa gwarzon shekara ɗan tallafi ne, Bang Seong-hyun na Koriya ta Kudu, wanda aka fi sani da JJoNak, ɗan ekip ɗin New York Excelsior. Abin alfahari ne ga masu wannan aiki, sai dai a faɗi gaskiya, abin da ya sa ake ta maganarsa shi ne yawan ɓarnar da yake yi da Zenyatta kamar maharbi. Ko ranar da aka karrama mai magani, kisansa aka fi tafa wa.

Matsalar ta ƙirga ce. Kisa yana da hoto, yana da ƙara, sunanka na fitowa a kusurwar allo. Mutuwar da ba ta faru ba kuwa ba ta da hoto. Wa zai nuna maka harsashin da ya kamata ya kashe ka amma bai kashe ka ba don wani ya cika maka jini sakan biyu kafin nan? Kamar mai haɗa shayi ne a fada: in shayi ya yi daɗi hirar ake yabo, in ya yi ɗaci kowa ya juyo ya dubi mai buta. Maharbi zai ruga shi kaɗai cikin mutum huɗu, bayan bango uku, ya faɗi, sannan ya yi ta danna maɓallin neman magani. Wannan hali ya yi yawa har ya zama abin barkwanci a duniyar wasan, musamman a kan masu ɗaukar Genji.

Akwai kuma ɓangaren da ba na dariya ba. Tunda igiyar Mercy ba ta bukatar saiti, sai aka lika mata sunan aikin mata. Yarinya in ta buɗe baki a cikin wasa, kafin ta zaɓi kowa an riga an ce ta ɗauki Mercy, in an ci a ce ɗaukarta aka yi, in an faɗi a ce ita ce. Raini biyu ne a haɗe, na mace da na aikin kula da wani, kowane yana ƙarfafa ɗayan. Mu ma mun san irinsa a balon unguwa, inda ake tura ƙaramin yaro raga don babu mai so, sannan a rufe shi da faɗa in an zura masa. Alhali wanda ya taɓa riƙe aikin ya san abin da ke ciki. Kana kallon jinin mutum huɗu ko biyar lokaci guda. Kana lissafin inda za ka tsaya ka ga naka amma nasu ba su gan ka ba. Kana kiyaye wane ƙarfi abokan gaba suka riga suka kashe, wane ya rage. Mafi wuya, in biyu suna mutuwa tare, kai ke yanke wanda za a bari, cikin rabin sakan, kuma wanda ka bari yana jin ka a kunne. Wannan zaɓe shi ne ainihin abin da likitocin yaƙi ke yi tun zamanin Dominique Larrey, babban likitan rundunar Napoleon, wanda ya tsara a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ba wanda ya fi girman muƙami ba. A wasa ma'aunin ya bambanta, don wani lokaci wanda ƙarfinsa ya cika ake ceta a bar wanda ya fi jin jiki.

Abin ya taɓa juyewa gaba ɗaya. Bayan an kawo Brigitte a 2018, wata ƙaramar ekip mai suna GOATS ta yaɗa tsarin masu garkuwa uku da ƴan tallafi uku, babu maharbi ko ɗaya. Magani ya yi yawan da babu mai mutuwa sai an tara ƙarfi an sauke lokaci guda. Manyan maharban duniya suka koma benci ko suka koyi riƙe garkuwa, ƴan kallo suka yi ta ƙorafi. A 2019 Blizzard ta sa doka: biyu-biyu-biyu, kuma kowa ya zaɓi aikinsa tun kafin ya shiga layi. Sai gaskiyar da aka daɗe ana ɓoyewa ta fito a agogo, layin maharba ya yi tsawo, mutum ya zauna yana jira don babu isassun masu son sauran ayyukan. Overwatch 2 na watan Oktoba 2022 ya rage ekip zuwa biyar, mai garkuwa ɗaya, wato an cire mutum guda daga masu tsare bayan mai magani. A farkon 2024 kuma aka ba kowa ikon jininsa ya dawo da kansa in ya ɗan huta, dabarar Call of Duty 2 ta dawo bayan kusan shekara ashirin. Sauran wasanni kowa da nasa: Doc a Rainbow Six Siege, Lifeline a Apex Legends, Sage a Valorant, wadda ita ma wasu ke ɗauka don bangonta su yi kisa, jikokin Rambo ke nan. Marvel Rivals da ya fito a watan Disamba na 2024 ya ƙi sa dokar rabon aiki, sai ga tsohon rikici ya dawo sabo, mutum shida a ɗaki kowa na jiran wani ya haƙura.

Yawancinmu a nan ba ta waɗannan wasanni muka shigo ba. Suna son kwamfuta mai ƙarfi, da kuran da ba ya yankewa, da rezo mai kyau. Mu ta portabul muka shigo, ta PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, da musamman Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, wanda ya fito a 2017 kuma yake tafiya ko a ƙaramar waya. A waɗannan ba a cika naɗa wani a ce kai ne likita ba. An raba aikin ne ga kowa: in an harbe ka sai ka durƙusa kana rarrafe, jininka na zuba, duk ɗan uwan da ke kusa na iya tayar da kai. Allurar Enemy Territory ce aka sa a hannun kowa. Abin da kowa ke iya yi kuwa, sau da yawa kowa jira yake wani ya yi, balle in ga akwatin wanda aka kashe can yana ƙyalli.

Duk da haka aikin bai ɓace ba, sauya kama ya yi. Free Fire ya kawo Alok a 2019, wanda aka zana da siffar wani mashahurin makaɗi ɗan Birazil, yana buɗe da'irar mita 5 da ke ƙara wa na cikinta gudu da jini. Dimitri kuma yana kafa wurin da wanda ya faɗi zai iya tashi da kansa. Mutane da yawa sun ɗauki Alok ne don su warkar da kansu, amma da'irar ba ta tambayar niyya, duk ɗan uwan da ya shiga ya samu. Kuma akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Harbinka sai ya bi rezo ya je wata babbar kwamfuta a ƙasa mai nisa kafin a yarda ya samu mutum, saboda haka in kun yi arba da wanda ke kusa da ita, ya riga ka ko da hannunka ya fi nasa. Jinkirin rezo yana cin maharbi fiye da yadda yake cin mai tallafi, don sanin inda za a tsaya, da adana magani, da hango cewa da'ira za ta rufe ta gabas, ba su dogara da ƙiftawar ido ba. Ekip ɗin da ke wasa daga Maradi ko Tawa da rezo mai tangal-tangal ta fi kowa bukatar mutum guda da ya ɗauki wannan da gaske.

A PUBG tayar da mutum sakan 10 yake ci, kuma duk tsawonsu ba ka harbi. Wanda ya iya ba ya rugawa da jin kira. Yana fara tambaya daga ina aka harbe ka, don wanda ya kayar da kai yana nan yana jira, ya bar ka da rai ne a matsayin tarko. Sai ya ce ka rarrafo bayan dutse ko mota, ya jefa hayaƙi tsakaninku da maharbin, ba a kanku ba, a Free Fire kuma ya kafa bango. Yana barin na uku ya riƙa harbi don a hana su leƙowa. In ka miƙe ya zubar maka da magani daga jakarsa, wanda ya yi ta tarawa tun farkon wasa lokacin da sauran ke rububin bindiga. In kuma da'ira ta matso, ku biyu ne kawai kuka rage, ga mota na tahowa, shi ne zai ce maka ka yi haƙuri, ba zai zo ba.